Tsohuwar Kwamfuta Da Sabuwar Manhajar Gyaran Hoto: Abin Da Ya Kamata A Bincika Kafin Sayen Katin Hoto

A shagunan ɗaukar hoto da wuraren buga takardu da sassan yaɗa labarai na ma'aikatu, da yawa daga cikin kwamfutocin tebur da ake aiki da su na hannu ne, waɗanda suka gama wa'adinsu a ofisoshin Turai da Amurka kafin su iso kasuwannin Najeriya. Dell OptiPlex da HP EliteDesk da Lenovo ThinkCentre su ne sunayen da aka fi cin karo da su a Computer Village da ke Ikeja, da Banex a Abuja, da titin Beirut a Kano. Kwamfutoci ne masu ƙarko, kuma suna ɗaukar aikin rubutu da lissafi ba tare da gardama ba.

Matsala kan fara ne ranar da aka ɗora musu sabuwar sigar Photoshop ko Lightroom. Manhajar ta buɗe da gargaɗin cewa ba ta dace da na'urar sarrafa hoto da ke cikin kwamfutar ba, wasu kayan aiki su dushe su ƙi taɓuwa, wani lokaci hoton ya koma baƙi ƙirin ko manhajar ta rufe kanta ana tsakar aiki. Mai shago ya nufi kasuwa, a miƙo masa kati a cikin kwali mai ɗauke da 4GB da manyan baƙaƙe, ya biya, ya dawo ya sa, gargaɗin nan yana nan inda ya bar shi. Kuɗi sun fita, aikin biki ko na ofis kuma yana jira.

Irin wannan asara tana faruwa ne saboda ana auna katin hoto da adadin gigabait ɗin da aka rubuta a kwalinsa, alhali manhajar wani abu daban take dubawa: zamanin da aka ƙera katin, da irin umarnin da yake iya fahimta, da ko kamfaninsa yana ci gaba da kula da shi. Duk waɗannan ana iya gano su kyauta kafin a fitar da ko sisi.

Aikin katin hoto a cikin kwamfuta

Kowace kwamfuta tana da furosesa, wadda ita ce ke gudanar da lissafin gaba ɗaya. Furosesar tsohuwar kwamfutar ofis tana da cibiyoyin lissafi biyu ko huɗu, masu ƙarfi, waɗanda suka ƙware wajen bin ayyuka ɗaya bayan ɗaya. Katin sarrafa hoto, wanda 'yan kasuwa ke kira katin girafik, tsarinsa dabam ne. Yana da ƙananan cibiyoyin lissafi ɗaruruwa ko dubbai da ke aiki a lokaci guda. Ƙaramin kati irin GeForce GT 1030 na kamfanin Nvidia yana da 384, shi kuwa GTX 1650 yana da 896.

Wannan tsari ya dace da hoto saboda yadda hoto yake. Hoton da kyamara mai megafiksil 24 ta ɗauka yana da ɗigo 6000 a faɗi da 4000 a tsaye, jimla ɗigo miliyan 24. Idan aka buɗe shi a manhaja, shimfiɗa ɗaya tak tana cin kimanin megabait 72, kuma mai gyaran hoton biki yakan jera shimfiɗu goma ko fiye. Duk lokacin da aka juya hoton, ko aka zuƙo shi, ko aka dusar da bayansa, sai an sake lissafa miliyoyin ɗigo. Aiki ne iri ɗaya da ake maimaitawa sau miliyoyi, don haka raba shi ga ƙananan cibiyoyi masu yawa ya fi sauri.

Na'urar sarrafa hoto iri biyu ce. Akwai wadda aka gina a cikin furosesa, kamar jerin Intel HD Graphics, wadda ke aron wani ɓangare na RAM ɗin kwamfuta. Akwai kuma kati mai zaman kansa da ake sokawa a gurbin PCIe na madabod, mai tasa ma'adanar da tasa fanka. Yawancin kwamfutocin ofis da nau'in farko suke zuwa.

Photoshop ta fito a 1990, kuma ta shafe shekaru da furosesa kaɗai take dogaro. A sigar CS4 ta 2008 ne kamfanin Adobe ya fara miƙa wa katin hoto ayyuka irin su zuƙowa da juya fuskar aiki. A CS6 ta 2012 aka faɗaɗa hakan zuwa wasu matatai masu nauyi. Daga 2013, da aka koma tsarin biyan kuɗin wata-wata na Creative Cloud, manhajar ta riƙa sabuntuwa a kai a kai, kowace sabuntawa kuma tana ƙara jingina da katin. Kwamfutar da ta ɗauki CS6 lafiya lau tana iya gazawa da sigar bana, ba don ta lalace ba.

Abin da manhajar ke nema

A sigogin 'yan shekarun nan na Photoshop a kan Windows, Adobe ya gindaya sharuɗɗa uku game da katin hoto. Na farko, ya kasance yana aiki da DirectX 12 a matakin iyawa na 12_0 ko sama da haka. Na biyu, ma'adanarsa ta kai gigabait 1.5 zuwa 2, gwargwadon siga, tare da shawarar gigabait 4 ga mai amfani da monita ta 4K. Na uku, kamfanin ya bayyana cewa ba ya gwada manhajarsa a kan katunan da suka haura shekara bakwai. Wannan na ƙarshe ba ya nufin tsohon kati ba zai yi aiki ba. Ma'anarsa ita ce idan matsala ta taso, babu wanda zai ɗauki alhakin gyara ta.

DirectX yare ne da Microsoft ya tsara domin manhajoji su yi magana da katin hoto. Zubi na 12 ya zo tare da Windows 10 a 2015. Sai dai a cikin wannan yare akwai matakai, kuma a nan ne tarkon yake. Kati yana iya jin DirectX 12 amma ya kasa aiwatar da dukkan umarninsa, kamar mutumin da ke jin gaisuwa a wani harshe amma ba zai iya ciniki da shi ba. Matakin iyawa shi ne ke nuna iyakar abin da ƙarfen katin zai iya yi, kuma babu wata sabuntawa da za ta ɗaga shi, domin a jikin na'urar aka gina shi.

GeForce GT 710 da GT 730, waɗanda suna cikin katunan da suka fi yawa a kasuwar masu araha, an rubuta DirectX 12 a kwalayensu, kuma ba ƙarya aka yi ba. Amma matakin iyawarsu 11_0 ne. Haka ma GTX 750 Ti na 2014, wanda ya yi suna a zamaninsa. Duk ukun ba su cika sharaɗin sabuwar Photoshop ba, ko da an ɗora musu gigabait nawa ne. A ɗaya ɓangaren, GT 1030 na 2017 da GTX 1050 Ti na 2016 da GTX 1650 na 2019 suna kan matakin 12_1, yayin da Radeon RX 550 na kamfanin AMD yake kan 12_0.

Akwai wani abin mamaki da ya shafi na'urar da ke cikin furosesa. Furosesoshin Intel Core na zubi na uku da na huɗu, irin i5-3470 da i5-4570, na'urar hotonsu ba ta kai matakin 12_0 ba. Amma daga zubi na shida, kamar i5-6500 mai ɗauke da HD Graphics 530, an kai matakin 12_1. Lambar farko bayan ƙaramin layi ita ce ke nuna zubin. Saboda haka wanda ke da kwamfuta mai i5-6500, ya je ya sayo GT 730 ya soka, ya mayar da kansa baya da kuɗinsa, domin na'urar da ya zo da ita tun asali ta fi sabon katin dacewa da manhajar.

Gano matakin iyawa ba ya ɗaukar minti biyu. A danna maɓallin Windows tare da harafin R, a rubuta dxdiag, a buɗe shafin Display, a duba layin Feature Levels. Idan 12_0 ko 12_1 na cikin jerin lambobin, an haye wannan shinge. A wannan shafi kuma za a ga sunan katin da girman ma'adanarsa da ranar da aka fitar da direbansa. Sababbin sigogin Photoshop su ma suna da wurin duba wannan, a ƙarƙashin Help, mai suna GPU Compatibility.

Yaudarar gigabait

Ma'adanar kati tamkar teburin aiki ce. Faɗinta yana da amfani, amma idan ma'aikacin da ke kan teburin mai nawa ne, ƙarin faɗi ba zai ƙara masa sauri ba. Masu ƙera katuna masu araha sun san cewa mai saye da lambar gigabait yake kwatanta kaya, shi ya sa ake samun GT 730 mai gigabait 4 na tsohuwar ma'adana nau'in DDR3. GT 1030 mai gigabait 2 ya fi shi sauri nesa ba kusa ba.

Ko a cikin GT 1030 ɗin akwai bambanci da ya kamata a lura da shi. Na asali yana amfani da ma'adana nau'in GDDR5, mai iya wucar da kimanin gigabait 48 a daƙiƙa. A 2018 aka fito da wani mai suna iri ɗaya amma da DDR4, wanda bai kai gigabait 17 a daƙiƙa ba. Kwali kusan iri ɗaya, suna ɗaya, sauri kuwa kusan kashi ɗaya cikin uku. Sai an karanta ƙananan rubutun da ke gefen kwalin ake bambance su.

Direba da wa'adinsa

Direba ƙaramar manhaja ce da kamfanin kati ke fitarwa domin Windows da sauran manhajoji su san yadda za su sarrafa katin. Muddin kamfanin yana sabunta shi, kurakuran da ke tasowa tsakanin katin da sababbin manhajoji suna samun gyara. Ranar da aka daina, katin yana ci gaba da aiki, amma duk sabuwar matsala ta zauna ke nan.

Nvidia ya daina sabunta direban katunan zubin Fermi a 2018. Na zubin Kepler, wanda GT 710 da yawancin GT 730 suke ciki, an tsayar da su a 2021. A ƙarshen 2025 aka rufe ƙofar sababbin gyare-gyare ga zubin Maxwell da Pascal, wato har da GT 1030 da GTX 1050 Ti, illa gyaran tsaro da kamfanin ya ce zai ci gaba da fitarwa zuwa 2028. Wannan yana nufin cewa waɗannan katuna biyu suna cika sharaɗin matakin iyawa, amma kwanansu ya fara ƙarewa. GTX 1650 zubin Turing ne, wanda ya biyo bayansu, don haka yana da sauran lokaci a gaba. Mai sayen kati domin aikin shekara uku ko huɗu ya kamata ya sa wannan a lissafi.

Sau da yawa kuma matsalar ba ta katin ba ce, ta direban da ke kansa ce. Idan aka sabunta Windows daga tushe, takan sa wani direba na wucin gadi mai suna Microsoft Basic Display Adapter. Da shi monita tana nuna hoto, amma manhajar gyaran hoto ba za ta ga katin ba sam. Sauke direba na ainihi daga shafin Nvidia ko AMD ko Intel yana warware wannan ba tare da sayen komai ba.

Akwati da wuta da mahaɗi

Katin da ya dace da manhaja sai kuma ya dace da jikin kwamfutar. Kwamfutocin ofis kan zo a manyan akwatuna masu tsayi ko sirara da ake kwantarwa a kan tebur. Siririn akwati ba ya ɗaukar kati mai cikakken tsayi. Sai gajere, wanda ke zuwa da ƙaramin ƙarfen ɗaurewa a baya. A wasu samfuran gurbin PCIe yana dab da fawa-fak, ta yadda kati mai kauri biyu ba zai shiga ba ko da gajere ne. Mafi ƙanƙanta daga cikinsu, waɗanda ba su wuce girman littafi ba, yawancinsu ba su da gurbin kati kwata-kwata. Buɗe murfi a auna wurin, ko a ɗauki hotonsa da waya a nuna wa mai kaya, ya fi dogaro da ƙiyasi.

Batun wuta ya fi wannan haɗari. Gurbin PCIe bisa ƙa'ida yana ba da wat 75. Katin da ke buƙatar fiye da haka sai an jawo masa wata waya daga fawa-fak, mai baki shida ko takwas. Fawa-fak na siraran kwamfutocin ofis yawanci tsakanin wat 180 ne zuwa 255, kuma ba su da wannan waya. GT 1030 yana cin wat 30, RX 550 kimanin 50, GTX 1050 Ti da GTX 1650 kuma 75. Shi kuwa RX 580, wanda ya cika kasuwar katunan hannu, wat 185 yake ci, don haka ba shi da wuri a irin waɗannan kwamfutoci. Wasu masu gyara kan haɗa wayar da ke ba faifan ajiya wuta da wani mahaɗi domin ciyar da babban kati. Wannan dabara tana ɗora wa siririyar waya nauyin da ya fi ƙarfinta, kuma tana iya kaiwa ga narkewa. Sauya fawa-fak ɗin da babba shi ma ba ya yiwuwa cikin sauƙi, domin samfura da dama na Dell da HP da Lenovo suna da mahaɗin wuta na kamfani wanda bai dace da na kasuwa ba.

A inda wutar lantarki ke ɗaukewa tana dawowa, ana sauyawa tsakanin layin gwamnati da janareta ko inbata, fawa-fak ɗin da ke aiki a iyakar ƙarfinsa shi ne ke fara mutuwa. Alamar da ake fara gani ita ce kwamfuta ta mutu ta sake tashi da kanta daidai lokacin da aka sa mata aiki mai nauyi. Ƙarin kati yana kuma rage mintunan da UPS zai iya riƙe kwamfutar.

Sai kuma bakin da monita za ta shiga. Tsofaffin monitoci da yawa da shuɗiyar wayar VGA suke aiki, amma katunan GTX daga jerin 10 zuwa sama sun daina fitar da irin siginar da VGA ke karɓa. Ƙaramin mahaɗin da ke juya DVI zuwa VGA, wanda ba shi da na'ura a ciki, ba zai yi aiki da su ba. Ana buƙatar mai juya HDMI ko DisplayPort zuwa VGA. Bayan an sa kati, wayar monita a bakin katin za a soka ta, a bar tsohon bakin da ke jikin madabod. Wannan ɗan kuskure ya sa mutane da dama sun zaci an sayar musu da mataccen kati.

Kwamfutocin da aka ƙera kafin wajajen 2012 suna da wata matsalar. Da yawansu da tsohon tsarin BIOS suke tashi, yayin da sababbin katuna aka tsara su bisa UEFI, kuma akan samu katin da ke ƙin nuna komai a irin wannan madabod. Katunan Intel Arc kuwa suna buƙatar wani tsari mai suna Resizable BAR kafin su ba da cikakken ƙarfinsu, tsarin da tsofaffin kwamfutocin ofis ba su da shi.

Abin da kati ba zai gyara ba

Akwai shingayen da babu katin da zai tsallake su. Sigogin baya-bayan nan na Photoshop da Lightroom suna buƙatar furosesa mai fahimtar wani rukunin umarni da ake kira AVX2, wanda Intel ya shigo da shi a zubi na huɗu a 2013. Furosesa ta zubi na biyu ko na uku ba ta da shi, haka ma Pentium da Celeron da yawa da suka fito bayan nan. A irin wannan kwamfuta manhajar ba za ta ma hau ba, ko da an sa mata kati mafi tsada a kasuwa.

Windows ita ma shinge ce. Microsoft ya daina kula da Windows 7 a Janairun 2020, sannan tallafin Windows 10 na yau da kullum ya ƙare ranar 14 ga Oktoba, 2025. Windows 11 a hukumance tana neman furosesar Intel ta zubi na takwas ko sama, tare da na'urar tsaro ta TPM 2.0. Kamfanonin manhaja kan bi sahun Microsoft wajen janye hannu daga tsohuwar Windows, don haka kashe kuɗi masu yawa a kan kwamfutar da ba za ta hau Windows 11 ba yana buƙatar dogon nazari. Wannan ya fi shafar ma'aikatun gwamnati, inda sayen kaya ke ɗaukar watanni kafin a amince, kuma kayan da aka saya za su shekara da shekaru a kan tebur.

Kazalika, ba kowace nawa ce laifin kati ba. Adobe yana neman RAM na gigabait 8 a mafi ƙaranci, yana kuma ba da shawarar 16. Idan RAM ya cika, Photoshop tana juye ragowar aikin a faifan ajiya, kuma idan faifan tsoho ne mai juyawa, komai sai ya tsaya cak. Kwamfutar da ke jinkirin tashi, da jinkirin buɗe fayil da adana shi, SSD da ƙarin RAM take nema. Alamar matsalar kati dabam ce: hoto yana tsalle-tsalle lokacin zuƙowa, ko kayan aiki irin su Oil Paint da Perspective Warp sun dushe, ko gargaɗi ya fito ƙarara. Task Manager na Windows yana nuna wanda ya cika a lokacin aiki tsakanin furosesa da RAM da faifai da kati.

Bambancin launi tsakanin abin da ake gani a monita da abin da ya fito a takarda shi ma ba aikin kati ba ne. Wannan ya danganta da ingancin monita da saitinta da tsarin launin da aka aika wa firinta. Haka nan Generative Fill, wanda Adobe ya ƙara a 2023, a kwamfutocin kamfanin ake lissafa shi ta intanet, don haka saurin layi ne ke tasiri a kansa. Saɓanin haka, kayan rage dusar hoto na Denoise da ke Lightroom a kan katin mai kwamfuta yake gudana, kuma ƙaramin kati yana iya shafe mintuna a kan hoto ɗaya.

Jabu da gajiyayyu

Kasuwar katin hoto tana da nata jabun. Wata dabara da ta shahara ita ce a ɗauki tsohon kati irin GTS 450 na 2010, a sauya bayanan da ke cikinsa ta yadda zai gabatar da kansa a matsayin GTX 1050 Ti. Windows za ta nuna sunan bogin, amma manhaja za ta riƙa faɗuwa da zarar aiki ya yi nauyi. Alama ta farko ita ce bakin VGA a jikin katin da aka ce GTX 1050 Ti ne. Ta biyu, wata manhaja ta kyauta mai suna GPU-Z tana karanta ainihin na'urar da ke ciki, kuma tun 2018 tana sa alamar jabu a kan irin waɗannan katuna.

Akwai kuma katunan da suka yi aikin haƙar kuɗin kirifto dare da rana. Bayan da Ethereum ya daina amfani da katunan hoto a Satumban 2022, ɗimbin su sun kwararo kasuwar kayan hannu ta duniya. Wasu suna da sauran rai, wasu kuma fankokinsu sun gaji. Gwajin minti ashirin ko talatin ƙarƙashin aiki mai nauyi, ana kallon zafi a GPU-Z, yana fallasa yawancin masu lahani. Araha ba ta ado, musamman ga katin da farashinsa ya yi ƙasa da na takwarorinsa ba tare da dalili ba.

Sauran manhajoji

Ba kowane aiki ne ke buƙatar sabuwar Photoshop ba. Mai yanka hoton fasfo, da mai gyara hasken hoton taro, da mai haɗa katin gayyata, suna iya yin aikinsu da manhajojin da ba su matsa wa kati ba. GIMP kyauta ce, kusan duk aikinta da furosesa take yi, kuma sigarta ta 3.0 ta fito a Maris ɗin 2025. Photopea a cikin burauza take aiki, tana kuma buɗe fayilolin Photoshop. Darktable, ta masu gyaran ɗanyen hoton kyamara, tana amfani da kati idan akwai, idan babu ta koma kan furosesa. Affinity tana neman matakin 12_0 ne kawai domin ƙarin sauri, kuma ana iya kashe wannan a ci gaba da aiki. CorelDRAW, wadda ta mamaye wuraren buga takardu, tsofaffin sigoginta ba su damu da kati ba, amma sababbin suna neman mai OpenCL 1.2 da ma'adanar gigabait 3.

Wanda ke da halastaccen lasisin CS6 yana iya ci gaba da ita a kan kusan kowane kati, domin OpenGL 2.0 da ma'adanar da ba ta kai gigabait ɗaya ba take nema. Adobe ya daina sayar da ita, kuma kwafin da ake ɗorawa a kasuwa bayan an fasa makullinsa hanya ce sananniya ta shigar da ƙwayoyin cutar kwamfuta. Wannan babban haɗari ne ga na'urar da ke ɗauke da hotunan abokan ciniki ko takardun ofis.

Ko a cikin sabuwar Photoshop, idan katin yana jawo faɗuwa, ana iya cire alamar Use Graphics Processor a sashen Performance na Preferences. Wasu kayan aiki za su rufe, zuƙowa za ta yi nauyi, amma yankan hoto da gyaran launi da rubutu za su ci gaba har a kammala aikin da ke hannu.

Jerin bincike kafin a biya

Tsari mafi aminci shi ne a fara daga manhaja a gangaro zuwa kati. A tantance sigar da za a yi aiki da ita, a karanta sharuɗɗanta a shafin kamfanin, domin suna sauyawa daga shekara zuwa shekara. A duba zubin furosesa da sigar Windows. Idan ɗayansu ya gaza, maganar kati ta ƙare, zaɓin da ya rage shi ne sauya manhaja ko sauya kwamfuta. Idan sun haye, a buɗe dxdiag a ga matakin da na'urar da ke ciki take, a sabunta direbanta, a sake gwadawa. Daga nan a duba RAM da faifan ajiya.

Idan bayan duk wannan kati ne ake buƙata, a buɗe akwati a karanta adadin wat da ke jikin takardar fawa-fak, a auna wurin, a duba irin bakin da monita ke da shi. Ga siririyar kwamfutar ofis mai furosesa ta zubi na huɗu zuwa na bakwai, zaɓin da ya rage bai da yawa: GT 1030 mai GDDR5 ko RX 550 ga ƙaramin aiki da ƙaramin fawa-fak, gajeren GTX 1650 ko RX 6400 ko RTX 3050 mai gigabait 6 ga aiki mai nauyi idan wutar ta wadata. Ukun na ƙarshe ba sa buƙatar ƙarin waya a samfuransu na gajeru, sai dai farashinsu yana iya kusantar na wata kwamfutar hannu mai sabon zubi, kuma wannan kwatanci ya cancanci a yi shi kafin yanke shawara.

Hanya mafi sauƙi ta kauce wa jayayya ita ce a ɗauki akwatin kwamfutar zuwa shagon, a sa katin a gaban mai saye, a ɗora direba, a buɗe manhajar da babban fayil na ainihin aiki, a ga gargaɗin ya ɓace. A rubuta sunan katin da lambar jikinsa da kwanakin gwaji a kan rasit. Bayan an koma shago ko ofis, a riƙa busa ƙurar da ke taruwa a fankar katin, musamman a lokacin hunturu, domin a siririn akwati ƙura kaɗan ta isa ta toshe iska ta sa katin ya rage gudu saboda zafi.